Awa Shida da Minti Goma

Shafi na 19

Masu cewa na cika ja muku rai, na ga saƙonninku, har da na masu fushi da suka rantse sun daina karantawa amma su ne na farko a layi. Ku gyara zama. Wanda bai ga shafin baya ba, abin da ya wuce shi kaɗan ne: Umma ta yanke jiki ta faɗi da safe, an kai ta asibiti, Auta kuma ta kira Yayanta da ke aiki a wata ƙasa mai nisa.

*

Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma Yaya ya turo ƙofar ɓangaren masu ciwon zuciya.

Auta na tsaye jikin bango da kayan aikinta, ko katin da ke rataye a wuyanta ba ta cire ba. Daga teburin sayar da tikiti na filin jirgi ta taho a guje, har igiyar takalminta ɗaya ta tsinke a hanya. Ta ɗago ta gan shi, ta ƙifta ido, ta sake kallo. Shi ne dai, cikin riga mai dogon hannu, fuskarsa a ɗan kumbure, yana haki.

"Ina take?"

Goggo ce ta fara miƙewa. Ƙanwar marigayi Babansu ce, tun rasuwarsa take zaune da su, kuma Allah ya yi ta da baki, magana ba ta kwana a cikinta.

"Lale, lale! Kai jama'a, ɗan albarka! Yanzu-yanzu aka kira ka har ka iso? Oh ni, jirgin zamani! Mu da sai mu kwana biyu a mota ba mu je ko'ina ba."

Yaya ya gaishe ta sama-sama, ya wuce ya dafa gilashin ɗakin. Umma na kwance a ciki, an saka mata robar iska a hanci, wayoyi sun bi ƙirjinta zuwa wata na'ura da ke ƙara a hankali. Ya daɗe a haka bai motsa ba.

Likita ya fito yana mayar da biro aljihu.

"Ku ne 'ya'yanta?"

"Mu ne."

"An shawo kan abin, ta samu barci. Amma ku saurare ni da kyau. Zuciyar nan ta gaji, wannan ne karo na biyu. In ta farka, ban yarda kowa ya faɗa mata abin da zai tayar mata da hankali ba. Ko abin farin ciki ne ma, a bi shi a hankali."

"In Allah ya yarda, likita," in ji Goggo. "Mu ai ba mu da surutu."

Likita ya dube ta, ya wuce.

Ita kuwa Auta ba ta gaishe da Yayanta ba har yanzu. Wayarta ta ciro ta duba kiran da ta yi na ƙarshe. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta sake duban wayar.

Shekara biyar tana sayar da tikitin wannan hanyar. Ko daga barci aka tashe ta za ta karanto ta: kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai, awa shida da minti goma a sama, jirgi ɗaya tal a rana. Yana tashi daga can ƙarfe ɗayansu, wato sha ɗayanmu, don sun fi mu awa biyu. Yana sauka nan biyar da minti goma na yamma. Lokacin da ta kira shi an riga an rufe karɓar fasinja, ita da bakinta ta ce masa cikin kuka, "Yaya na yau ya wuce ka, sai na gobe." Jirgin yau ɗin ma a wannan mintin bai bar ƙasa ba tukuna, ga shi kuma mutumin da ya kamata ya hau shi tsaye a gabanta.

Ta tuna wani abu kuma. Da ta faɗa masa sunan asibitin, bai ce wane titi ba, bai ce wace unguwa ba. "Wane hawa?" kawai ya tambaya.

"Yaya."

Ya juyo.

"Zo mu je waje, ina da magana."

"Bari ta farka mana, Auta."

"Yanzu nake so."

Goggo ta ce, "Ke bar shi ya huta, mutum ya sha hanya."

"Ai hanyar ce zan tambaye shi, Goggo."

Ta yi gaba, ya bi ta. A ƙarshen barandar akwai ƙofar bene, ta tura ta, suka tsaya a kan dakalin da ke tsakanin hawa na ɗaya da na biyu. Ba kowa a wurin sai bokitin masu goge-goge da wata taga da ba ta rufuwa. Ya jingina da bango tun kafin ta buɗe baki, kamar 'yan matakalan da suka taka sun fi ƙarfinsa.

"Ina jakarka?"

"Na bar ta a... ban tsaya ɗaukar kaya ba."

"Wane jirgi ka hawo?"

"Auta, yanzu lokacin wannan ne?"

"Wane jirgi, Yaya?"

Ya shafa gemu. "Jiya na shigo. Kamfani ne suka aiko ni wani aiki na gaggawa, na ce in na gama yau in zo in ba ku mamaki."

"Jiya Talata."

"E."

"Jirgin Talata bai zo ba. An soke shi tun safe, injinsa ya samu matsala. Ni na zauna ina kiran mutum ɗari da arba'in ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, har wata mata ta zage ni da uwa da uba."

Ya mayar da idonsa kan taga.

"Kuma jiyan nan da yamma ka kira Umma. Ina zaune ina yanke mata farce. Ka ce mata ana ruwa a can, ka ce sanyi ya hana ka fita."

"Auta..."

"Kar ka ƙara min wata ƙaryar, don Allah. Ka bar ni da waɗannan, sun ishe ni. Tun yaushe kake garin nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ji muryarsa can ƙasa.

"Wata goma sha huɗu."

Sai da ta dafa ƙarfen bene. Ta ɗauka zai ce mako ɗaya, ko wata ɗaya in ya yi yawa. Ta maimaita a hankali, kamar mai koyon ƙirga.

"Wata goma sha huɗu."

"E."

"A garin nan."

"Bayan tashar mota. Ɗaki ɗaya na kama."

"Bayan tashar mota!" Ta yi wata dariya da ba daɗin ji. "Minti goma sha biyar daga gidanmu. Yaya, da Umma ta zame a banɗaki ƙafarta ta goce, ni kaɗai na ɗauke ta. Ni da Goggo muka ja ta a kan tabarma har bakin ƙofa muna ihun neman taimako. Na kira ka ina kuka, ka ce min, yi haƙuri Auta, nisa ne ya yi nisa. Ashe kana bayan tashar mota."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Sau uku ka zo mana hutu a wata goma sha huɗun nan. Sau uku kana jan jaka daga motar haya. Kullum sai ka fara kira ka ce, Auta yaushe ne ranar hutunki, ina so in tarar da ke a gida. Ni kuma sakarya sai in ji daɗi, in ce Yayana yana ji da ni. Ashe so kake ka tabbatar ba na filin jirgi."

Bai musa ba, kuma rashin musun ya fi komai yi mata zafi. Ta so ya ce ba haka ba ne, ko da ƙarya.

Ta tuna takardar da ke ɗaure a hannun jakarsa, wadda ake liƙawa a wurin awon kaya. Zuwansa na ƙarshe ta ga ta koɗe ta yi laushi, har ta tsokane shi ta ce ma'aikatan can ba su da tawada ne? Ya yi dariya ya ja jakar ya shige ɗaki. Ita mai aikin jirgi guda, takarda ɗaya ya yi ta nuna mata shekara da wata biyu ba ta karanta kwanan watan da ke jiki ba.

"Ni ka bar ni ma," ta ce. "Ni yarinya ce, zan warke. Umma fa? Ka san abin da take yi ranar da ka ce za ka koma?"

"Na sani."

"Faɗa min in ji."

Ya sake sunkuyar da kai.

"To ni bari in faɗa maka. Agogo biyu ne a ɗakinta, ɗaya namu, ɗaya naka. Ita ta sa na saita mata na biyun, ta ce tana so ta san lokacin da Babanta, kamar yadda take kiranka, ke cin abinci. Ranar komawarka, da zarar ka fita take shimfiɗa darduma a ƙarƙashinsu. Ba ta ci, ba ta sha, ko maganinta sai na yi da gaske. Ta ce ɗanta na rataye tsakanin sama da ƙasa, ita ba za ta saka komai a baki ba. Awa shida da minti goma tana ƙirgawa da yatsu. In ka wuce da minti biyar ba ka kira ba sai ta fara, Auta duba min a wayarki ko sun sauka. Tsohuwa mai ciwon zuciya kake zaunarwa da yunwa, kai kana kwance bayan tashar mota!"

"Ba kwance nake ba." Ya girgiza kai. "Ni ma zaune nake. Ina kallon wannan."

Ya ɗaga hannun dama. Agogonsa na nuna ɗaya da 'yan mintuna, lokacin wancan garin.

"Ban taɓa mayar da shi ba, don kar in yi kuskure a waya. Ina zaune a bakin katifa ina ƙirgawa tare da ita. Na san ba ta ci ba, ni ma ba na ci. In lokacin ya cika sai in ƙara minti ashirin na fitowa daga jirgi, sannan in kira in ce Umma na sauka lafiya. In ji ta ce alhamdulillahi, Auta kawo min abinci. Kina ganin daɗi nake ji?"

"To me ya sa? Korar ka aka yi? Laifi ka yi? Aure ka yi a ɓoye? Faɗa min ko mene ne, wallahi ya fi min wannan."

Kafin ya amsa suka ji takun sauri daga sama. Wata nas ce ke saukowa, babbar mace mai tabarau, riƙe da fayil da auduga. Tana ganinsa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, ka kyauta ke nan? Hawa uku nake bi ina nemanka. Ka sa mun cire ka awa ɗaya da rabi kacal da farawa, ka ce minti goma za ka yi ka dawo. Saura awa biyu da rabi fa, ruwan jikinka ko rabi bai fita ba. Dubi fuskarka."

"Sista, don Allah..."

"Kar ka ce min don Allah. Mu ga hannun. Ka gani ko? Na ce ka danne wurin ka ƙi, ga shi ya ɓalle."

Sai a lokacin Auta ta lura. Hannun rigarsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa sama kaɗan, ya jiƙe da jini. Nas ta naɗe rigar ba tare da neman izini ba, ta cire tsohuwar audugar ta danna sabuwa. Jijiya ce a wurin ta kumbura ta yi tudu-tudu, ga tabon allura a jere, tsofaffi da sababbi.

Auta ta san hannun nan. Tana 'yar shekara sha shida ta san shi a jikin wani mutum.

"Sista," ta ce, "daga wane ɓangare kike?"

Nas ta dubi Yaya, ta dubi Auta, sai jikinta ya yi sanyi. Ta gane ta yi ɓarin zance.

"Ke wace ce tasa?"

"Ƙanwarsa."

"To shi zai faɗa miki, ba ni ba." Ta liƙa filasta, ta sassauta murya. "Malam, zan riƙe maka injin zuwa ƙarfe ɗaya. In ka wuce haka wani zan ɗora, akwai masu jira."

Ta haura ta bar su.

Auta ta zauna a kan matakala. Daga sama nas ɗin ta sauko, hawa na uku ke nan. Ba sai an faɗa mata abin da ke hawa na uku ba. Shekara biyu Babansu ya yi yana hawa can, Litinin da Laraba da Juma'a, ana yi masa wankin ƙoda. Shekara biyu Umma na zaune a bencin ƙofar da flas ɗin ruwan zafi da ba a yarda ya sha ba. Hannunsa na hagu aka yi wa aiki aka haɗa jijiyoyi don allurar injin, aka hana shi ɗaura komai a wurin, shi ya sa agogonsa ya koma dama. In ka dafa wurin sai ka ji yana zirr a ƙarƙashin yatsa. Kowace safiya Umma sai ta dafa ta ji, don likita ya ce ranar da ya daina a garzayo asibiti. Bayan rasuwarsa da kwana tara zuciyar Umma ta buga karo na farko, kuma har yau ko a mota aka bi ta gaban asibitin nan sai ta kau da kai.

Yau Laraba.

"A sama kake da na kira," ta ce.

"A sama nake. Allura biyu a hannuna."

"Shi ya sa ka ce wane hawa."

"E."

"Irin na Baba?"

"Irinsa. A can aka gano. Na faɗi a wurin aiki, suka gwada, suka ce duka biyun sun tafi. Kamfani suka sallame ni, suka sako ni a jirgi. Wannan ne hawana jirgi na ƙarshe, Auta. Ranar kina hutu, Allah ne ya rufa min asiri. Na fito na tari mota, na faɗa wa direba unguwarmu. Mun zo har bakin layi na hango ƙofar gida, Umma na zaune tana tsince wani abu a faranti. Na ce masa juya."

Hawaye suka zubo mata. Haushinsa bai tafi ba, tausayi ne kawai ya zo ya zauna a kansa, ta rasa wanne za ta fara ji. Ta tuna yadda hutunsa bai taɓa wuce Asabar da Lahadi ba. Ta tuna yadda yake kurɓar ruwa kamar mai shan magani, yana ture miya yana cewa gishiri ya yi yawa, Umma na faɗa tana cewa zaman waje ya lalata masa baki. Ta tuna duk lokacin da aka yi masa maganar aure sai ya ce tukuna.

"Wa ke raka ka?"

"Ba kowa."

"In an gama wa ke kai ka gida? Baba ko tsayuwa ba ya iya yi in an cire shi."

"Ina zama a benci in huta, sai in tari mota."

"Wane bencin?"

Ya kau da kai. Ta san bencin.

"Ni fa, Yaya? Na ji, Umma ba ta da lafiya. Ni me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa miki me za ki ce?"

"Sai in ce ina da guda biyu, a cire ɗaya."

"Kin ji ko. Shi ya sa."

"Tawa ce ai!"

"Ke kaɗai ce mai lafiya a gidan nan. In aka kwantar da mu biyu, wa zai ɗaga Umma? Goggo?" Ya ɗan murmusa. "Goggo da ko kwalbar magani sai ta kira maƙwabta su taya ta buɗewa?"

Dariya ta so kuɓuce mata a tsakiyar kuka, ta danne ta don ba ta gama fushi ba.

"Sannan ke ba ki iya ƙarya ba," ya ce. "Tun kina ƙarama in kin fasa kofi da kanki kike kai ƙarar kanki. Umma ido kawai za ta zuba miki ki zazzage mata komai. Ba raina ki na yi ba, Auta. Sanin ki na yi."

Ya zame ya tsuguna a gabanta, yana riƙe da hannun da aka ɗaure.

"Kin ji abin da likita ya ce. Ki taimake ni yau kaɗai. Ba ta gan ni ba tukuna. Zan koma sama in ƙarasa, in je in canja riga, in ɗauko jaka. Ƙarfe shida in shigo. Ke kawai ki ce na samu jirgin yau, kin roƙi abokan aikinki na can sun buɗe min bayan an rufe. Biyar da minti goma ya sauka, shida ina nan. Lissafi ya fita, ko ba haka ba?"

Lissafi ya fita. Abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan, ko ita ce ta tsara ba za ta fi haka ba.

"Sai yaushe kuma? In ta warke ka sake jan jaka? Ta sake zama a ƙarƙashin agogo?"

"In ta yi ƙarfi ni da kaina zan faɗa mata."

"Wata goma sha huɗu kana jiran ta yi ƙarfi."

"Auta, so kike in shiga in ce mata Umma ga ni na gaji Baba? Yau? Da wayoyin nan a ƙirjinta?"

Ta rufe fuska da tafukanta. A rayuwarta ba ta taɓa duban idon Umma ta faɗi abin da ba shi ne ba, kuma Umma ta san haka, shi ya sa ko cefane aka yi gardama a kai sai ta ce a kira Auta. Yanzu wannan yardar ce Yaya ke roƙo ta ara masa. Ta ji tsoro ƙwarai, tsoron ta faɗi gaskiya ta kashe uwarta, da tsoron ta yi ƙarya Umma ta gane a fuskarta.

"Yau kaɗai," ta ce a ƙarshe.

"Yau kaɗai."

"Kuma ranar Juma'a ni zan raka ka sama."

"Auta..."

"Ba shawara nake ba ka ba. Tashi ka tafi kafin a ba wani injin."

Ya miƙe da ƙyar, ya taka matakala ɗaya, ya taka ta biyu. Sai ƙofar bene ta buɗe da ƙarfi.

"Au, nan kuka ɓuya? Ina ta nemanku!" Goggo ce, fuskarta fal murna, mayafi na jan ƙasa. "Ta farka! Wallahi ta farka tangaram, har ta gane ni. Na ce mata kwantar da hankalinki, ga ɗanki can ya iso tun ɗazu, da ƙafarsa ya shigo. Likita ai ya ce a bi a hankali, to a hankali na faɗa mata, a kunne."

Suka tsaya suna kallonta.

"Me kuke kallona? Ku zo mana, ta ce a kira mata ku biyun."

Yaya ya sauke hannun rigarsa ya rufe filastar. Jinin da ya ɓata rigar ba abin da zai iya yi masa, sai ya mayar da hannun baya. Da suka kai ƙofar ɗakin ya raɗa mata, "Jiya na shigo. Aikin kamfani. Kin san da zuwana, ni na ce ki yi shiru." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Nas ɗin ɓangaren ta ce minti biyar kawai, ta hana Goggo shiga.

Umma ta yi ƙanƙanta a kan gadon. Idanunta ne kawai ke nan yadda suke, tar a kansu tun daga ƙofa. Yaya ya tsaya ta gefen da zai ɓoye hagunsa, ya durƙusa.

"Umma, sannu. Ya jikin?"

"Babana."

"Na'am, Umma."

"Kai ne?"

"Ni ne."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Sannan ta juya ido a hankali zuwa agogon da ke saman ƙofa.

"Auta, yau wace rana?"

"Laraba, Umma."

"Larabar da na faɗi?"

"E."

"Ban kwana ba ke nan."

"Ba ki kwana ba."

"Na ɗora ruwan shayi tara da rabi. Ban sauke shi ba." Ta numfasa. "Yanzu sha biyu saura kwata."

Auta na kallo yatsun Umma suka fara motsi a kan zanin gado. Babban yatsa ya taɓa na farko, ya taɓa na biyu, ya je na uku ya tsaya. Ta sake farawa daga farko, ya sake tsayawa a nan.

"Umma, ai jiya na shigo," Yaya ya yi saurin cewa. "Kamfani ne suka..."

"Ba kai na tambaya ba."

Na'urar da ke gefen gado ta ɗan ƙara sauri. Auta ta ji ta, Yaya ma ya ji.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Matso in ga fuskarki. Ke ce mai aikin jirgi, ke kika koya min awa shida ne da minti goma. Jiya da yamma yaron nan ya ce min ana ruwa a can. Faɗa min, wane jirgi ya kawo shi?"

Auta ta matso. Ta gefen ido tana ganin Yaya na girgiza mata kai a hankali. Ta buɗe baki za ta yi magana.

Umma ba ta jira ba. Idonta ya riga ya bar fuskar Auta, ya sauka kan hannun da Yaya ya dafa gadon da shi.

"Bar shi, Auta."

Ta buɗe tafinta a kan zanin.

"Babana, yaushe agogonka ya koma dama? Miƙo min na hagun."